Amsoshin tambayoyinku: me zan kunna, me zan kashe a BusyBox?

Wasiƙun wannan makon kusan duk sun taru a wuri guda, wato ƙananan na'urori masu aiki da Linux da kuma manhajar BusyBox da ke cikinsu, wadda ke tattara umarnan Linux na yau da kullum a fayil ɗaya. Na zaɓi guda biyar, na taƙaita su.

Malam, ni ɗalibin injiniya ne a Zariya. Ina haɗa wata 'yar na'ura mai ma'ajiyar filash ta megabayit 8. Na sauko da BusyBox, na buga `make menuconfig`, sai ga zaɓuɓɓuka kamar ba za su ƙare ba. Ta ina zan fara, kuma me zan bari a kunne?

Ɗan'uwa, ba kai kaɗai ba ne, duk wanda ya fara buɗe wannan shafi mai launin shuɗi sai da kansa ya ɗaure. Abin da zai sauƙaƙa maka shi ne ka san dalilin da ya sa aka yi manhajar haka. Bruce Perens ne ya fara rubuta ta a tsakiyar shekarun 1990, don ya cusa kayan girka Debian, wani nau'in Linux, a faifan filofi guda ɗaya mai cin megabayit 1.44. Dabararsa ita ce tsintsiya maɗaurinki ɗaya: a maimakon `ls` da `cp` da `mount` kowanne ya zama fayil mai zaman kansa, sai a ɗaure su a fayil guda, a yi masa sunayen laƙabi masu nuni gare shi. Idan ka kira shi da sunan `ls` ya yi aikin `ls`, idan ka kira shi da `cp` ya yi aikin `cp`. Yau umarnan da ke ciki sun haura 300, kuma Denys Vlasenko ne ke riƙe da aikin tun 2006. Tunda asalin abin tsimin wuri ne, kusan kowane umarni, har da ƙananan dabarunsa, an ba shi makunninsa. Yawan da ya firgita ka ke nan.

Hanya biyu ce a gabanka. `make defconfig` zai kunna maka kusan komai, ka sami fayil da bai yi nisa da megabayit 1 ba, sannan ka bi kana kashewa. `make allnoconfig` kuwa zai kashe komai, ka bi kana kunna abin da kake buƙata. Idan gwaji kake yi a kwamfutarka, ɗauki ta farko, kada ka ɓata lokaci. Amma na'urar da za ta bar hannunka ta je ta zauna a wani wuri, ni ta biyu nake bi. Wanda ya fara da komai a kunne ba ya iya kashewa, domin kowane layi ya duba sai zuciyarsa ta ce masa "bar shi, wataƙila wata rana". Haka za ka wayi gari da `telnetd` da `ftpd`, masu ba da damar shiga na'ura ta hanyar sadarwa, a na'urar da aikinta auna zafin ɗaki ne kawai, kuma kowannensu ƙofa ce da wani zai iya ƙwanƙwasawa.

Kafin ka taɓa menu ɗin, ɗauki takarda. Bi rubutattun umarnan da na'urar ke gudanarwa tun daga tashinta, ka fitar da sunan duk abin da suke kira. Galibi za ka ga `init`, da `ash` a matsayin `sh`, wato shel mai karɓar umarni ya gudanar da su, da `mount`, da `mdev`, da `ip` ko `ifconfig`, da `udhcpc` don karɓar adireshi. Sai ka ƙara kayan ranar matsala: `ls`, `cat`, `ps`, `kill`, `dmesg`, `vi`. A cikin menu, maɓallin `/` yana nemo maka zaɓi da sunansa, `?` kuma yana nuna bayaninsa, sannan a gefen sunan yawancin umarnai an rubuta kimanin kilobayit ɗin da za su ci.

Inda ake faɗawa rami ba a manyan sunaye ba ne, a 'yan ƙananan da suka fara da `FEATURE_` ne. Ka kunna `find`, amma `-mtime` ba zai yi aiki ba sai ka kunna `FEATURE_FIND_MTIME`. Ka kunna `ash`, amma lissafi irin na `$((a+1))` yana jiran `FEATURE_SH_MATH`. Na taɓa ɗanɗana wannan a wani aiki da na yi wa wasu mutane: rubutun da ke share tsofaffin bayanan aiki ya dogara da `-mtime`, ni kuma na bar shi a kashe don tsimin da bai taka kara ya karya ba. Na'urar ta tashi lafiya, ta yi makonni tana aiki, rubutun yana faɗuwa kowane dare ba wanda ya ji, har ma'ajiya ta cika ta tsaya cik. Kuɗin motar da na kashe zuwa gyara ya ishe ni darasi. Don haka ka gwada kowane rubutu a kan BusyBox ɗin da ka haɗa, ba a kan kwamfutarka mai cikakkun kayan GNU ba.

Wasu guda biyu kada ka yi musu rowa. `FEATURE_EDITING` da `FEATURE_TAB_COMPLETION` su ne ke ba ka damar gyara layi da cike suna, kuma ranar da kake tsugune gaban na'ura da wayar siriyal za ka gode wa kanka. Sai `LFS`, idan na'urar mai bit 32 ce kuma za ta taɓa fayil da ya wuce gigabayit 2.

Ranka ya daɗe, a wurin aikinmu na rubuta ƙananan umarnai goma sha biyu da harshen C, na haɗe su a fayil ɗaya irin na BusyBox. Yanzu zaɓuɓɓukan sun watse, wasu a Makefile, fayil ɗin da ke jagorantar haɗawa, wasu a `#ifdef`, layin da ke saka ko cire wani ɓangare lokacin haɗawa, ko'ina cikin kod. Abokin aikina ya kashe abu ɗaya, uku suka lalace. Yaya zan tsara su?

'Yar'uwa, wannan ita ce tambayar da ta fi burge ni, kuma ciwon da kike ji BusyBox ma ya yi shi. Tsarin da yake amfani da shi, Kconfig, aro ne daga Linux kansa: ana bayyana kowane zaɓi da sunansa, da nau'insa, da matsayinsa na asali, da abin da ya dogara da shi, da bayaninsa, sannan duk abin da aka zaɓa ya sauka a fayil ɗaya mai suna `.config`. Da farko bayanan zaɓuɓɓukan suna zaune a fayilolin `Config.in`, kod ɗin yana wani wuri, jerin umarnai yana wani, bayanin amfani yana wani. Mai ƙara umarni ɗaya sai ya taɓa fayil huɗu ko biyar, kuma dole wata rana a manta ɗaya. Daga baya suka mayar da komai kan fayil ɗin umarnin kansa, a layukan sharhi masu farawa da `//config:` da `//applet:` da `//kbuild:` da `//usage:`, wani ɗan rubutu kuma ya bi ya tattaro su lokacin haɗawa. Toybox, wata manhaja mai aiki irin na BusyBox, ma haka yake yi, bayanin zaɓin yana saman fayil ɗin C na kowane umarni. Wannan shi ne abu na farko da zan ce ki ɗauka: zaɓi ya kwana ɗaki ɗaya da kod ɗinsa. Wanda ya goge umarnin ya goge zaɓinsa ke nan.

Wajen kasa su kuwa, ki bi yadda mai nema zai nema, ba yadda kika jera fayiloli ba. BusyBox ya ware saitin da ya shafi kowa a sama, irin su haɗawa a dunƙule da wurin girkawa, sannan ya kasa umarnai bisa aikinsu: na matse fayiloli, na editoci, na sadarwa, na shel, da sauransu. Toybox ya bi wata hanyar, yana da `posix` da `lsb` da `net` da `other`, da kuma `pending` inda ake ajiye waɗanda ba su nuna ba, a kashe. Da umarnai goma sha biyu, rukuni uku sun ishe ki. Amma `pending` ɗin nan ki kwaikwaye shi, yana hana ɗanyen aiki shiga hannun mutane bisa kuskure.

Suna ma aiki ne. `FEATURE_FIND_MTIME` ya gaya miki komai: ƙaramar dabara ce, ta `find` ce, ga abin da take yi. Ki sa kowane ƙaramin zaɓi ya ɗauki sunan uwarsa, ya kuma zo nan take a ƙarƙashinta da `depends on`, sai menu ya ɓoye shi idan an kashe uwar. Kuma kada ki yi suna mai korewa. Zaɓi mai suna "kar a saka kaza" idan aka kashe shi, sai mutum ya tsaya yana lissafi da yatsu.

Matsalar abokin aikinki kuwa ta dogaro ce da ba a rubuta ba. Kconfig yana da kalma biyu a nan, kuma ba ɗaya suke ba. `depends on` yana cewa ba za a ga wannan ba sai an kunna wancan. `select` yana kunna wancan da ƙarfi, ba tare da ya duba ko shi ma yana da abin da yake jira ba, shi ya sa takardun Linux kansu suka yi gargaɗi a kansa. Ki bar `select` ga ɓoyayyun zaɓuɓɓuka na kod ɗin da umarnai ke tarayya a kai, waɗanda mai amfani ba ya gani a menu.

Sai `#ifdef`. BusyBox yana samar wa kowane zaɓi wani suna mai farawa da `ENABLE_` wanda kullum yana nan, ko 1 ko 0. Sai a rubuta `if (ENABLE_FEATURE_KAZA)` kamar kowane sharaɗi. Amfaninsa shi ne kompaila, wato manhajar da ke haɗa kod, yana karanta kod ɗin ya kama kuskure ko da zaɓin a kashe yake, sannan ya zubar da shi tunda ya ga ba za a taɓa isa wurin ba. Abin da ke cikin `#ifdef` kuwa, idan a kashe yake, ba mai duba shi, yana iya ruɓewa shekara guda ba a sani ba.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne ki rage yawansu. Zaɓi 20 masu e ko a'a suna haifar da haɗi 1,048,576, kuma ba ki da ranar gwada su. Duk wanda ba ya rage girma a zahiri, ki cire makunnin ki bar dabarar a kunne. BusyBox yana da `make bloatcheck` da ke nuna bayit nawa canji ya ƙara ko ya rage, ki auna kafin ki yanke. Waɗanda suka rage kuma, ki riƙa haɗawa da `allnoconfig` da `allyesconfig` da 'yan zagaye na `randconfig` kafin kowane fitarwa. Can ne irin ɓarnar da abokin aikinki ya tono take fitowa da kanta.

Malam, na ga rawuta (na'urar raba intanet) ta hannu a kasuwa da araha, TP-Link TL-WR841N. Ina so in sa mata OpenWrt, nau'in Linux na rawutoci, in rage BusyBox ɗinta don in sami wuri. In saya?

Araha ba ta ado, Alhaji. Yawancin tsofaffin nau'o'in wannan rawuta filash ɗinsu megabayit 4 ne, ram kuma 32, kuma OpenWrt ya daina tallafa wa irin waɗannan bayan fitowar 19.07. Ko ka sa tsohon, ka zauna ba gyaran tsaro. Rage BusyBox kuma ba zai cece ka ba: abin da za ka samu 'yan ɗaruruwan kilobayit ne in ka yi sa'a, alhali masu cin wurin su ne Linux kansa da direbobin wayales da shafin sarrafawa. Ƙari a kan haka, rubutattun umarnan OpenWrt sun dogara da zaɓin da masu shi suka yi, kana kashe ɗaya kana iya rasa hanyar shiga na'urar. Idan ta koyo ce, wadda ko ta mutu ba asara, saye ka yi wasa da ita. Idan ta gida ce ko ta shago, nemi mai filash megabayit 16 da ram 128 zuwa sama. Ka juya ta ka karanta lambar nau'in da ke jikin takardar ƙasa, ka duba ta a jadawalin na'urori na OpenWrt tun kana gaban mai kaya, domin suna ɗaya yakan zo da kayan ciki daban.

Za mu sayar da na'urarmu. BusyBox ko Toybox?

A nan lasisi ne ke magana kafin fasaha. BusyBox yana ƙarƙashin lasisin GPL na 2, wato duk wanda kuka sayar wa na'ura yana da haƙƙin samun kod ɗin BusyBox da kuka yi amfani da shi, da gyare-gyarenku, da abin da ake buƙata don a sake haɗa shi. Ba wasa ba ne, a 2007 an kai kamfanin Monsoon Multimedia kotu a Amurka a kan haka, a 2009 kuma aka haɗa kamfanoni 14 a ƙara ɗaya. Toybox, wanda Rob Landley ya fara a 2006 bayan ya bar riƙon BusyBox, yana da lasisin 0BSD da ba ya ɗora wannan sharaɗi, kuma yana cikin Android tun fitowa ta 6.0. Sai dai BusyBox ya fi shi cika, musamman wajen shel da kayan sadarwa. Ni a wurinku BusyBox zan ɗauka in cika sharaɗin, tunda Linux ɗin da ke cikin na'urar ma GPL ne, dole dama ku tanadi hanyar ba da kod. Ku ajiye `.config` ɗinku a ma'ajiyar kod tare da sauran aikin. Idan da Buildroot, kayan haɗa cikakken tsarin Linux na ƙananan na'urori, kuke haɗawa, yana karɓar ɗan fayil mai ɗauke da canje-canjenku kaɗai, ya fi sauƙin karantawa, kuma kuna iya rubuta dalilin kowane layi a samansa.

Na yi `make defconfig` a BusyBox 1.36, haɗawa ta tsaya a `networking/tc.c`. Me na ɓata?

Ba ka ɓata komai ba, ƙanena. An cire wani tsohon tsarin jera saƙonni mai suna CBQ daga Linux, sunayensa suka ɓace daga fayilolin kai (headers, inda manhajoji ke samo sunayen da Linux ya tanada) na fitowa ta 6.8, shi kuma `tc` na BusyBox, umarnin sarrafa zirga-zirgar saƙonni, yana nemansu. Buɗe `.config`, ka mayar da layin `CONFIG_TC=y` ya zama `# CONFIG_TC is not set`, ka buga `make oldconfig`, sannan `make`.