Idanu Na Kan Hannuna: Yaya Zan Dawo da Katin da Aka Zaɓa Sama?

Tambaya: Assalamu alaikum Yaya. Ni matashi ne a Aboabo, nan Kumasi, kusan shekara guda ke nan ina koyon dabon karta. Idan mutum ya zaɓi kati ya mayar tsakiya, abin da na iya shi ne in riƙe wurin da ƙaramin yatsa, in yanka ta ƙasa sau biyu har katin ya hau sama. Matsalar ita ce abokaina na majalisar shayi 'yan Spar ne, wato wasan kartar da ake yi nan Ghana, sun san karta. Da na fara yanka sai su ce, "Mun gani, ka dawo da shi." Na ga masu yin dabarar da ake kira fas a bidiyo kamar walƙiya. In duƙufa a kansa ne, ko akwai wata hanya ta ƙarfin hali da za a yi a gaban idonsu?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Abokanka ba su ga komai ba, lissafi suka yi. Sun ga kati ya shiga, nan take kuma hannunka ya hau aiki, sai suka haɗa biyun. Yankan ƙasa sau biyu, wanda ake danganta shi da Dai Vernon, gwanin dabon karta ɗan Kanada, ba shi da aibu. Lokacin da kake yinsa ne ke tona maka asiri.

Game da fas, wato musanya rabin sama da rabin ƙasa a ɓoye ƙarƙashin hannun dama, ka koye shi, amma ka sa a ranka aikin shekaru ne. A bidiyo ido ɗaya ne ke kallo, daga wuri ɗaya, kuma mai yin ya zaɓi ɗaukar da ta fi kyau. A majalisa kuwa wani na kan benci, wani na tsugune wajen gawayi yana hango ƙasan hannunka. Littafin dabarun karta na Erdnase da ya fito a Shikago a 1902 ya kawo salon fas iri-iri, amma abin da ya fi amfanata a cikinsa shi ne inda ya nuna cewa gwani in ya kasa gyara dabarar, sai ya sauya lokacin yinta. Saboda haka gwada wannan tun yau: kati ya shiga, ka riƙe 'yar rata a samansa da naman ƙaramin yatsa, ka sauke hannuwanka, ka dubi mutumin ido cikin ido ka ce, "Ka tabbata ba za ka manta da shi ba?" Bari ya amsa, bari wani ya tsoma baki. Sannan ka yanka sau ɗaya a fili, kamar mai wasa da karta don hannu ya saba. Mutum ba ya iya amsa tambaya yana kuma gadin yatsunka.

To ga wadda na fi so, fas ɗin burga, wanda ya shahara ta littafin mai dabon karta Paul LePaul na 1949. Karta na hannun hagu, katin mutumin na hannunsa. Da babban yatsa ka karkaɗa kusurwar gaba zuwa ƙasa, ka tsaya wajen tsakiya, kowa ya ga ratar. Hannun dama ya zo ta sama kamar zai ɗauke rabin nan, yatsu huɗu a gaba, babban yatsa a baya. Da ya rufe, sai babban yatsan hagu ya saki ratar, dama kuma ta ɗaga kati ɗaya tak. Ka miƙa hagu ka ce, "Ajiye nan." Ya ajiye, ka dawo da dama ka kifa da ɗan nauyi kamar ka mayar da kati ashirin da wani abu. A wurinsa kati ya nutse a tsakiya. A wurinka shi ne na biyu daga sama.

A nan ake faɗuwa, don haka bari in daɗe. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima: hagu ta kamata ta riƙe kusan 26, ga shi tana riƙe da 50. Maganinsa shi ne manuniyar hagu ta kwanta a bakin gaba, ka ɗan sunkuyar da hannun yadda mutum zai ga bayan kati, ba kaurin tulin ba. Hagun ce ke tafiya zuwa gare shi, domin ido yana bin abin da ke motsi. Dama ta tsaya kusa da cikinka, bayan hannu na fuskantar mutane, yatsu a buɗe daidai kaurin rabin karta. Yawancin masu koyo suna matse yatsun kamar mai riƙe da takarda ɗaya, kuma hakan ne ke kashe su. Ka tsaya gaban madubi ka ɗauke rabin da gaske sau hamsin, ka lura da yadda wuyan hannunka ke lanƙwasa da inda idonka ke sauka, sannan ka yi na burgar har su zama ɗaya. Ka kuma ci ribar abokan naka: tunda 'yan Spar suna cire ƙananan katuna, tulinsu siriri ne, bambancin kauri ba ya fitowa sosai. In ka ari tasu kartar ka yi da ita, ka rufe bakin mai cewa taka ta musamman ce.

Na taɓa yin wannan a wani shagon ɗinki a Asawase, wani dattijo na zaune ta haguna a kan ƙaramar kujera. Hannuna bai yi kuskure ba, amma a daidai lokacin ɗagawar na saci kallon damata. Shi ma ya kalla. Bai ce uffan ba sai da aka watse, ya riƙo hannuna ya ce, "Ɗana, idonka ne ya nuna mini." Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Tun daga ranar nake kallon inda nake so a kalla, nake kuma duba wanda ke zaune ta hagu ko ƙasa da ni kafin in fara, domin ta nan ake hango cikin hannun dama.

Akwai 'yar uwarta mai sauƙi, ɗagin baya, wadda mai dabon karta Ed Marlo ya wallafa a 1962, Vernon ma yana da tasa. Ka ɗaga ƙarshen katin sama ta wajen ƙirjinka kamar faɗin yatsa, gaba kuwa a haɗe. Ka cusa katin da aka zaɓa ta baya cikin ratar, sai ya zama na biyu daga sama. Wanda ke gabanka zai rantse tsakiya ya shiga, musamman in ka fara dungurar tsakiyar da shi har wasu katuna suka leƙo ta gaba. Tana son mutane a gabanka kawai.

In kuwa an kewaye ka, kamar yadda ake yi ranar Sallah, sai dabarar Hofzinser, ma'aikacin gwamnati a Biyana ta Ostiriya wanda ya rasu a 1875. Ka baza karta tsakanin hannuwa biyu, mutum ya mayar da nasa, babban yatsan hagu ya rufe wurin da katin da ke samansa, yatsun dama su ja shi ta ƙasan shimfiɗar. Ka ci gaba da bazawa kana cewa, "Ka ga ya ɓace cikin 'yan uwansa." Da ka haɗe, yana ƙasa. Ba ta da sauri ko kaɗan, kuma a ganina ta fi fas amfani ga mai wasa a cikin jama'a.

Abu ɗaya nake roƙonka: ka riƙa faɗa wa mutane cewa wannan iya hannu ne da atisaye, babu aljani babu tsafi, kuma kada sisi ya shiga tsakani. Hannun da ke dabo shi ne na 'yan wala-wala a tasha, niyya ce ta raba su.

Ka kula da kartar kanta. Da damina laimar Kumasi na sa katuna su manne, ka nemi ɗaga ɗaya biyu su biyo. Da hunturu kuma suna lanƙwashewa, yatsu su bushe su riƙa zamewa. Ajiye ta cikin kwalinta, ka danne da littafi mai nauyi da dare. In tafinka ƙarami ne nemi mai faɗin milimita 57 maimakon mai 63. Kada ka yi dabara ɗaya sau biyu a zama ɗaya: fara da fas ɗin burga, in sun ce a sake, koma ta Hofzinser, ka bar yankan ƙasa sai an zuba shayi na biyu.