Maka, Kireyon Ko Fosta Kala? Amsoshin Tambayoyi Kan Koya Wa Yara Zane

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malama ce a wata firamare a Zariya, ina riƙe da aji uku, yara 48. Hedimasta ya ba ni naira dubu 20 in sayo kayan darasin zane na zango guda. Na shiga kasuwa na rasa abin da zan ɗauka. Maka (alƙalamin kala mai murfi) zan saya, ko kireyon, ko fosta kala (fentin ruwa na zane)?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya saka da alheri. Ki fara da takarda, kuma rabin kuɗin ya tafi a kanta. Yaron da aka ba falle ɗaya tal aka ce kada ya ɓata, hannunsa rawa zai yi ta yi, ya ƙare da goge-goge har takardar ta huje. Ki sayi rim na farar takarda, sannan ki roƙi masu shagon fotokofi waɗanda suka lalace, ai bayansu fari ne tas.

Maka ki bar ta a kanti. Da hunturu ya kama, yaro ya manta bai rufe murfin ba, kafin gobe ta bushe. Kireyon ya fi ta jure hannun yara, ko ya karye gutsuren na aiki, sai dai kada ki ajiye shi kusa da taga, zafin bazara na narkar da shi. Ki haɗa da fensir mai lamba 2B, don ya fi fensirin da aka saba, mai lamba HB, laushi da baƙi, yaro ba sai ya danna ba. Abin fiƙe fensir guda uku ya zauna a teburinki, reza kuma kada ta shigo ajin.

A fosta kala ne masu kanti ke cinye kuɗin malamai da kwali mai launi 12. Manyan kwalabe huɗu sun ishe ki: ja, rawaya, shuɗi da fari. Ki zuba kaɗan-kaɗan a murafun robar ruwa, ki raba yaran rukuni-rukuni. Ranar da yarinya ta tsoma buroshi a rawaya ta kai shi cikin shuɗi, kore ya fito a gabanta, za ki ga ta ɗago tana neman wanda za ta nuna wa. Wannan darasin ba ya cikin kwalin da aka riga aka haɗa komai. Fentin mai na gini kuwa, ko kyauta aka ba ki kada ki karɓa, sai da kananzir yake fita, warinsa kuma ba na ƙirjin yara ba ne.

In kala ta ƙare, madafa na nan. Jiƙaƙƙen zoborodo na ba da ja, ki ɗiga masa ruwan kanwa yaran su ga ya juye ya yi duhu-duhun kore. Kurkum na ba da rawaya. Dakakken gawayi da ƙaro kuwa, ai tawadar allo ke nan, kusan duk yaran sun san ta. Launin zoborodo na koɗewa a rana, don haka ki liƙa aikin a inuwa.

Tambaya: Ɗana yana aji biyar, an ce mu sayi littafin zane. Ni dai ina da shakku kan zanen mai rai. In cire shi daga darasin?

Amsa: Malam, hukuncin zanen mai rai na malamai ne, ka tuntuɓi wanda ka amince da iliminsa. Amma kada ka cire yaron. Ka je ka sami malaminsa, ka nemi a ba shi abin da ba rai a ciki, kuma yana da yawa: zayyanar allon sauka, dagin da ake yi a goshin zaure, sassaƙar ƙwarya, aska takwas ta babbar riga, ganye da fure. A nan ne yaro ke koyon daidaita layi da awo, abin da magini da tela da injiniya duk ke ci da shi. In ka sami hali ka kai shi marinar Ƙofar Mata a Kano ya ga yadda ake ɗaure ƙyalle kafin a tsoma a baba. Ka kuma ciro naira 20 ka juya bayanta: Ladi Kwali ce ke ginin tukunya, wadda ta koyi sana'ar tun tana yarinya, yumɓu ya kai ta har Ingila da Amurka.

Tambaya: 'Yata mai shekara shida ta cika mana bango da zane. Wata ta ce in saya mata kwamfutar hannu ta yara. Ya kuka gani?

Amsa: Maman yarinya, ki ajiye kuɗin tukuna. Yatsun ɗan shekara shida riƙon fensir da murza yumɓu suke bukata, su ne za su gyara mata rubutu. Ki sa kafinta ya yanka miki falanki daidai tsayinta, a shafa masa baƙin fentin allo, a jingine a tsakar gida da kwalin alli da tsumma. Ki ce mata nan ne bangonta.