Amsa a kan yankan ƙullutun itace da busar da shi

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Malam, na ji tambayarka a kan ƙullutun itacen kawo (kumburin nan da ke fitowa a jikin bishiya) da ka samo wajen masu yankan katako na Ebute Metta a Legas, ko a shanya shi a rana tukun kafin a fitar da siraran fallayen da ake mannawa a fuskar tebur. Don Allah kada ya ga rana. Jijiyar ƙullutu a murɗe take, ba ta bin hanya ɗaya irin ta falanki, shi ya sa kowane ɓangare yake motsewa ta inda ya ga dama. In waje ya bushe ciki na jiƙe, darewa zai yi har tsakiya, kuɗinka sun tafi.

Yanka shi da ɗanyensa. In ba yau za ka yanka ba, narka kyandir ka shafe duk inda zarto ya taɓa. Ka wanke ɓawon da buroshi sosai, domin yashi da tsakuwa na maƙalewa a ramukansa, su ne ke cinye haƙoran zarto.

A injin banso, wato injin da zartonsa ke zagayawa kamar bel, sa zarto mai haƙori 3 a kowane inci, ka tura a hankali. Kauri milimita 4, saboda bayan bushewa da gogewa zai dawo wajen 3. Kowane falle ya fito, rubuta masa lamba da alli, 1, 2, 3, don in ka zo haɗa biyu gefe da gefe zanen jijiyar ya dace.

To, busarwar ce aikin. Shimfiɗa filawud mai kauri, sa takardar kwali, falle, takarda, falle, kada su wuce 10, ka rufe da wani filawud, ka ɗora bulo 4. Ban da jarida, tawadarta na kama itace. Ban da ƙarfe kuma, yana bar wa ɗanyen itace baƙin tabo. Makon farko canza takarda kullum, daga nan bayan kwana 3. Wannan canjin shi mutane ke yi wa kasala, alhali a laimar Legas, musamman watan Yuni da Yuli, takarda ta kwana 2 a jiƙe funfuna ta hau, kuma tabonta ba ya fita da gogewa. Da hunturu kuwa akasin haka ne, rufe tarin da buhu don kada gefuna su tsage.

Wajen gane ko ya bushe, kada ka yarda da taɓawar hannu. Ɗora falle ɗaya a sikeli duk bayan kwana 3. In nauyin ya tsaya sau 3 a jere, ya bushe. In ɗaki mai AC za a kai teburin, fallayen su yi mako 2 a irin wannan ɗakin, a danne, kafin ka sa gam. Wanda ya kantare, fesa masa ruwa da ɗan gilisarin, ka mayar da shi ƙarƙashin bulo.