Filin Tambaya da Amsa: Fari Ne Ya Kore Mu daga Gida, ko Bindiga?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni manomi ne daga wani ƙauye kusa da Singa a jihar Sinnar ta ƙasar Sudan. Mun baro gida a damunar 2024 lokacin da yaƙi ya shigo garin, kuma har yau ni da iyalina muna Gadarif. Na sha jin masu magana a rediyo suna cewa sauyin yanayi ne ke haddasa yaƙe-yaƙe a ƙasashe irin namu. Ni dai abin da na gani da idona motoci ne da bindigogi, ban ga fari ba, hasali ma ruwan waccan shekarar ya yi yawa. Ina gaskiyar maganar take?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya mayar da ku gida lafiya. Idonka bai yaudare ka ba. Yaƙin da ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu, 2023 tsakanin sojojin Sudan ƙarƙashin Janar Burhan da rundunar kar-ta-kwana ta RSF ƙarƙashin Hameti, wadda mutane ke kira Da'ama, rigima ce ta mulki da dukiya, kuma abin da ya kai ta ga harbi shi ne gardama kan yadda za a shigar da rundunar cikin soja da tsawon lokacin da hakan zai ɗauka. Duk wanda ya ɗora wa gajimare alhakin wannan yaƙi ya wanke masu laifi ne, ko da bai yi niyya ba.

Amma masu maganar rediyon ba ƙarya suka yi gaba ɗaya ba, sai dai sun fara labarin daga tsakiya. Idan muka bi salsalar rundunar da ta kore ku, za ta kai mu Darfur. Farin 1984 da 1985 ya kashe mutane kimanin dubu 100 a can, ya halaka dabbobi, ya kuma tura makiyayan raƙuma na arewa zuwa kudu, wajen gonakin Furawa da ke gindin Jabal Marra. A da akwai tsarin da ke riƙe da wannan zama. Yawancin ƙabilu suna da yankin ƙasarsu da ake kira hakura, akwai burtali da kowa ya sani, akwai lokacin da ake sakin gonaki bayan girbi dabbobi su ci kara su bar taki, idan kuma an yi ɓarna dattawa su zauna zaman sulhun da ake kira judiyya a biya diyya. Gwamnatin Numairi ce ta sassare wannan tsari: dokar 1970 ta mayar da duk ƙasar da ba a yi wa rajista ba mallakin gwamnati, sannan aka rushe mulkin sarakunan gargajiya ba tare da an kafa abin da zai tsaya a gurbinsa ba. Da fari ya zo, sai ya tarar da gida babu mai raba gardama, ga kuma makamai suna kwararowa daga yaƙin Chadi da Libiya. Daga 1987 zuwa 1989 aka gwabza tsakanin Furawa da wasu ƙabilun Larabawa, a 2003 kuma gwamnatin Bashir ta ba samarin makiyayan da ba su da hakura bindigogi domin su yaƙi 'yan tawaye. Su ne Janjawid, kuma daga cikinsu aka kafa RSF a 2013.

Saboda haka fari ya samar da matasan da suka rasa dabba suka rasa gona, amma hukuma ce ta miƙa musu makami. A 2007 Ban Ki-moon, wanda yake Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya a lokacin, ya rubuta cewa rikicin Darfur ya faro ne daga matsalar muhalli, masana da yawa kuma suka yi masa raddi, domin farin nan bai tsaya a Darfur ba, ya ratsa Nijar da arewacin Nijeriya har Senegal, amma ba ko'ina ne aka ƙone ƙauyuka ba. Ni ina tare da masu raddin. Dubi Saudiyya, wadda ta fi Sudan bushewa nesa ba kusa ba, amma ba wanda ke gudun hijira saboda ƙishirwa, tunda gwamnati tana tace ruwan teku tana kai shi birane. Ambaliyar Jidda ta Nuwamban 2009 ta kashe fiye da mutum 100, aka yi bincike, aka gina magudanai, rayuwa ta ci gaba. Ƙasa mai rauni kuwa akasin haka ce: ita ce wadda idan masifa ta sauka ba ta da kotun da aka yarda da ita, ba ta da rumbun ajiya, ba ta kuma da jami'an tsaron da kowane ɓangare yake ɗauka nasa ne.

Ba sai mun je Darfur ba ma, Malam, domin mu Hausawa mun ɗanɗana wannan a jihar Nilu Mai Shuɗi. Ƙasar noma a can ta daɗe tana ƙuntata. Manyan gonakin tarakta da aka rarraba wa 'yan kasuwa da manyan ma'aikata tun bayan 1968 sun cinye daji da burtali. Ɓallewar Sudan ta Kudu a 2011 ta toshe wa makiyaya hanyar kiwon rani, da yawa suka dawo da garkunansu. Ƙara tsayin madatsar Rusairis da mita 10, wanda aka kammala a 2013, ya nutsar da gonakin bakin kogi, aka kwashe ƙauyuka zuwa sababbin matsugunai. A cikin wannan matsi ne Hausawa suka nemi a ba su sarautar gargajiya tasu, shugabannin wasu ƙabilun yankin suka ƙi, suna cewa sarauta tana tafiya ne da mallakar ƙasa. A Yulin 2022 aka zubar da jini a Rusairis da kewaye, a Oktoba aka sake a Wad al-Mahi, ɗaruruwa suka mutu, dubun-dubata suka bar gidajensu. Jikokin mutanen da suka kafa garin Mai Wurno a Sudan bayan yaƙin Burmi na 1903 sai ga shi ana kiran su baƙi. Babu fari a 2022, amma duk lokacin da ruwa ya yi gardama ko kogi ya ci gona, tambayar nan ta wane ne mai ƙasa takan ƙara zafi.

Akwai kuma ɗaya fuskar, wadda ita ce ta fi kusa da abin da ka gani. Yaƙi yana mayar da ruwan sama na alheri ya zama bala'i. A Agustan 2024 madatsar Arba'at, wadda birnin Bur Sudan ke sha daga gare ta, ta fashe ta share ƙauyuka, a watan ne aka ayyana ɓarkewar kwalara, a watan ne kuma aka tabbatar da yunwa a sansanin Zamzam kusa da Fashir. A Jazira, inda aikin noman rani ya kai kimanin fadan miliyan 2 (fadan ma'aunin gona ne, kusan eka ɗaya), shigar yaƙi Wad Madani a Disamban 2023 ta sa magudanai suka cushe, iri da taki da man tarakta suka yi wuya. Ruwa ya sauka, amma manomin yana kwance a ajin makaranta a wani gari, kamar yadda ya faru da kai.

Tambaya: Malam, ni mazauniyar Jidda ce. Ƙanena ya tsere wa yaƙi zuwa Kasala, can kuma ambaliya ta rushe inda suka fake. Idan ya ƙetare iyaka, za a karɓe shi a matsayin ɗan gudun hijira saboda ambaliyar?

Amsa: Hajiya, Allah ya kiyaye gaba. Yarjejeniyar 1951 ta 'yan gudun hijira ta tsaya ne kan wanda ke tsoron a zalunce shi saboda ƙabila, addini, ƙasa, ra'ayin siyasa ko rukunin jama'ar da ya fito, ba ta ambaci fari ko ambaliya ba. Yarjejeniyar Afirka ta 1969 ta fi ta faɗi, domin ta haɗa da wanda ya gudu saboda al'amuran da suka dagula zaman lafiyar jama'a ƙwarai, yaƙin Sudan kuwa ya shiga wannan babi ba tare da wata gardama ba. Wadda ta ambaci bala'o'in yanayi ƙarara ita ce Yarjejeniyar Kampala ta 2009, amma ita ta shafi waɗanda ba su fita daga ƙasarsu ba ne. Don haka idan ƙanenki ya tsaya gaban masu rajista, ya fara labarinsa daga inda ya faro, wato ranar da yaƙi ya fitar da shi daga gidansa, sannan ya kawo maganar ambaliya, domin gaskiyar ke nan kuma ita ce doka ta sani. Ki sani kuma Saudiyya ba ta cikin ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar 1951, zama a nan sai da biza ko iƙama.

Abin da za ki iya yi masa daga inda kike shi ne ki matsa masa ya ɗauki hoton takardar lambarsa ta ɗan ƙasa, da takardun haihuwar yara, da duk wata shaidar gona ko fili ko da rasit ɗin haraji ne, ya turo miki ta waya ki ajiye. Bahaushen Sudan ya fi kowa sanin yadda ake tsananta masa tambaya a shingen bincike da ofishin takardu, kuma ranar da za a koma gida za a tarar da wasu gonakin da wani a ciki.