Kun Tambaya Mun Amsa: Kilisa a Gandun Kiwo na Tsibiri

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon wasiƙun da suka taru kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato irin kilisar nan da ake kai baƙi a gandun kiwo na tsibirai masu zafi, a ɗora ka a kan doki, ɗan jagora na gaba kuna biye da shi. Na tsinci guda biyar, na ɗan rage musu tsawo.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni da maigidana zamu je hutu Hawai, ya riga yayi mana bukin na hawan doki awa biyu a wani gandu a tsibirin Oahu, ni kuma wallahi tunda nake ban taɓa ko shafa doki ba, haniniyarsa ma in naji sai gabana ya faɗi. Dan Allah ya abin yake, kuma me zan saka? Daga wata amarya.

AMSA: Amarya Allah ya ba da zaman lafiya. Ki kwantar da hankalinki, irinki ne suka fi yawa a wannan hawan, kuma dominku aka tsara shi. Ba sukuwa za ayi ba, ko sassarfa ma yawanci ba a yi, tafiya ce a hankali, doki bayan doki, saurin bai wuce kilomita 6 a awa ba, kuma dawakan sun bi hanyar nan har sun haddace ta, kina kai ko ba kya kai sun san inda ake kwana da inda ake tsayawa ɗaukar hoto.

Kafin a hau za a baki takarda ki cike, a tambaye ki nauyinki da ko kin taɓa hawa. To nan ne fa wurin da nake so ki riƙe, ki faɗi gaskiya, ki rubuta baki taɓa ba, ki ƙara da baki kice tsoro ma kike ji, domin da wannan amsar ɗan jagora yake zaɓar miki doki, sai ya baki mafi sanyin hali ya kuma sa ki kusa da shi a layi. Masu jin kunya suce sun ɗan iya, su ake ba dokin da ya fi ƙarfinsu.

Ta hagu ake hawa, kuma akwai ɗan dakali da ake takawa, ba sai kinyi tsalle ba. Sirdin da suke ɗaurawa irin na makiyayan Amurka ne, mai faɗi mai zurfi, da wani ƙaho a gaba da zaki iya dafawa in kinji kamar zaki zame. Ƙafa kuma kar ki cusa ta gaba ɗaya cikin likkafa, gaban tafin kawai, diddige yana ƙasa. In ana hawa tudu ki ɗan sunkuya gaba, in ana gangara ki ɗan jingina baya. Abin da masu tsoro suke yi ba tare da sun sani ba shine su matse cikin dokin da ƙafafu suna ihu, shi kuma an horar da shi cewa matsa ƙafa na nufin yayi gaba, kinga ke kina roƙon ya tsaya ƙafarki kuma tana ce masa ya ƙara mai. In kina so ya tsaya, zauna daram, ja linzami a hankali, da ya tsaya ki sassauta.

Kaya kuwa, dogon wando mai ɗan kauri, in ba haka ba fatar sirdi zata goge miki cinya, da takalmi rufaffe, silifas ba za su ma bari ki hau da shi ba. Duk wani mayafi mai tsawo ki ɗaure shi tamau ki cusa bakinsa cikin riga, iskar teku na da ƙarfi, kuma ƙyalle mai filfilo a gefen ido na daga cikin abubuwan da ke razana doki. In an miƙo miki hular kwano ki karɓa ko da sunce ba dole bane ga manya. Kar ki tsaya daf da bayansa, nan ne baya gani, nan ne kuma yake harbi. In Kualoa ne gandun da oga ya kama muku to zaki sha kallo, fili ne mai kusan eka 4,000, tun 1850 wani likita Gerrit Judd ya sayi kashin farko daga hannun Sarki Kamehameha na III, kuma a kwarinsa aka ɗauki wani ɓangare na fim ɗin Jurassic Park na 1993.

TAMBAYA: Malam ni fa raina ya ɓaci. Na shiga intanet zanyi bukin suka ce wai kar nauyin mutum ya wuce kilo 105, ni kuma 118 nake. Wannan ai cin fuska ne, doki guda ya kasa ɗaukata? Abokina yace in rubuta 100 kawai waye zai sani. Daga wani magidanci.

AMSA: Ɗan'uwa abokin nan naka bai baka shawarar arziki ba. Na farko dai za a sani, wurare da yawa sikeli na ajiye a bakin ofis, ka hau a gaban jama'a a ce maka ba zaka tafi ba, kuma ba lallai a mayar maka da kuɗinka ba tunda kai ka rubuta ƙarya. Wannan ai shine cin fuskar.

Na biyu, lissafi ne ba wulaƙanci ba. Ƙa'idar da masu dawaki suka fi bi ita ce kar a ɗora wa doki abin da ya haura kusan kashi 20 cikin 100 na nauyin jikinsa, kuma har da sirdi a ciki. Dokin hawa matsakaici yana kai kilo 500, kaga kilo 100 kenan, ga sirdin nan mai ƙaho shi kaɗai ya haura kilo 10. Sannan ka tuna inda ake, tsibiri ne mai zafi da laima, gumi baya bushewa da wuri balle jikin dabba ya huce, ga hawa ga gangara, ga shi ba kai kaɗai zai ɗauka a ranar ba. Kuma wanda bai iya hawa ba ya fi nauyi a bayan doki a kan gwani mai kilo ɗaya da shi, saboda yana ta karkata yana dukan bayansa. Ka rubuta musu saƙo ka tambaya ko suna da manyan dawaki masu jinin Percheron ko Belgian, wasu gandayen suna ajiye irinsu don manyan mutane. In babu, yawancin wuraren nan suna da zagaye a mota ko ƙaramin babur mai ƙafa huɗu, hanya kusan ɗaya ce.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe ni tun ina yaro nake hawa, sukuwa ba baƙuwata bace. Naje irin wannan wurin aka sa ni a layi kamar ɗan koyo, na ɗan zaburi dokin ɗan jagora ya daka min tsawa. Anya ma sun san doki kuwa? Daga wani matashi.

AMSA: Ƙanena ni dai ina bayan ɗan jagora, kayi haƙuri. Doki dabbar garke ce, in ɗaya ya zabura sauran ba sa tsayawa tambayar dalili, binsa za suyi, kuma a bayanka akwai mutum goma irin amaryar can ta sama waɗanda ranar suka fara ganin likkafa. Kai zaka zauna lafiya, su ne za su zube. Ga hanyar kanta, baƙin dutsen aman wuta mai kaifi, saiwoyin itace, taɓo mai santsi in anyi ruwa, kai baka san inda rami yake ba shi ya sani. Kuma ka sa hannu a takardar cewa zaka bi umarni, kamfanin inshorarsu ma a kan haka ya yarda ya tsaya musu.

Batun ko sun san doki kuwa, in Hawai ne to kar ka sake faɗin haka a gabansu. A 1793 Kyaftin George Vancouver ya kawo wa Sarki Kamehameha na I kyautar shanu, sarki ya hana a taɓa su, suka yi ta haihuwa har suka zama na daji suna ɓarna a gonaki. Dawaki suka iso a 1803, sannan a shekarun 1830 aka ɗauko makiyaya daga Meziko suka koya wa 'yan ƙasa hawa da jifan igiya, daga nan aka samu makiyayan da ake kira paniolo. Gandun Parker da ke tsibiri mafi girma na Hawai tun 1847 yake. A 1908 wani paniolo mai suna Ikua Purdy yaje har Cheyenne a jihar Wyoming ya lashe gasar kama bijimi da igiya a gaban makiyayan Amurka. Wannan gadon ne a wurin. In sukuwa kake so, nemi hawan da ake shiryawa gwanaye kaɗai, kai da jagora, za su fara gwada ka a fili kafin su sake maka linzami, kuma ya fi tsada.

TAMBAYA: Yarana biyu, mai shekara 6 da mai 11, za a bar su? In ruwa ya sauko fa? Daga wata uwa.

AMSA: Hajiya kowane gandu da dokarsa, amma da yawa sai yaro ya kai 8 ko 10, kuma ba a yarda a goya yaro a gaban babba ba. Mai 11 ɗin mai yiwuwa ya samu, ƙaramin ki tambaya ko suna da ƙuru da ake ja da ragama a cikin shinge. Mai juna biyu ba a bari ta hau. Ruwa kuwa yayyafi baya hana fita, ana tafiya a haka, sai in da tsawa ko rafi ya cika. Lema dai kar a buɗe ta a kan doki. Ku zaɓi hawan safe, rana bata yi zafi ba dawakan ma basu gaji ba.

TAMBAYA: Malam naga bidiyon mutane suna shiga teku a kan doki a Jamaika, abin ya burge ni, amma wata tace azabtar da dabba ne. Ya zan gane wurin kirki? Daga wata ɗaliba.

AMSA: 'Yar'uwa doki ya iya iyo, shiga ruwan kansa ba azaba bane, sai dai yana gajiyar da shi matuƙa, shi yasa wurin kirki mintuna kaɗan ake yi, a cire sirdin fata tukuna, a kuma wanke masa gishiri da ruwan daɗi bayan an fito. Ki je da wuri ki zaga barga da idonki. In kina iya ƙirga haƙarƙarinsa daga nesa, ko akwai gyambo a gadon baya da wajen majayi, ko kofato ya tsage yayi tsawo, ko yana ɗingishi, to kar ki hau ko da kin biya. Ki duba ko suna da inuwa da ruwa a gabansu, don doki a irin wannan zafin yana iya shan fiye da lita 40 a rana. Ki kuma tambaya sau nawa kowane doki yake fita a yini, mai gaskiya zai baki amsa nan take har ya gaya miki ranar hutunsa. Wayar da zaki ɗauki bidiyon da ita kuma ki sa ta a jakar da ruwa baya shiga ki rataya a wuya, ko ki miƙa wa ɗan jagora ya ɗauka miki, hannu biyu zaki buƙata a geza in ƙafarsa ta bar ƙasa.