Littafi ya nuna riba, amma albashi ya gagara: ina kuɗin suka shiga?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da kamfanin sayar da siminti, rodi da kwanon rufi a nan Sakkwato, mai rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Akantana ya rufe lissafin bara, ya ce mun yi cinikin naira miliyan 240, riba miliyan 18. Amma wata biyu ke nan ina rancen albashin ma'aikata. Bashin da muke bin mutane ya tashi daga miliyan 20 zuwa 52, akwai kayan miliyan 35 a sito, kuma mun sayi motar ɗaukar kaya ta miliyan 15. Zuciyata ta fara raya mini cewa kashiya ne ke cuta ta. Wani kuma ya ce zai gyara mini takardu in samu rancen banki. Barci ya ƙaurace mini. Mi ya kamata in yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam Alhaji. Kafin komai, ka dakata da zargin kashiya. Ban ce ba a sata a kamfanoni ba, amma alƙaluman da ka turo sun riga sun faɗi inda kuɗin suke, kuma ba su nuna aljihunsa ba. Bashin da kake bi ya ƙaru da miliyan 32 cikin shekara guda. Wannan kaɗai ya haɗiye ribar miliyan 18, ya ci wasu miliyan 14 daga jarinka. Ga mota ta miliyan 15 da aka biya lakadan, alhali lissafin riba da asara ragin darajarta na shekara ɗaya kawai ya ɗauka.

Abin da yake damuna, kuma kusan kullum sai na yi ta fama da shi a ofis, shi ne yadda 'yan kasuwarmu suka ɗauka riba ita ce kuɗi. Ba ita ba ce, wallahi ba ita ba ce. Ranar da ɗan kwangila ya loda buhu ɗari shida ya sa hannu ya tafi, akanta ya rubuta ciniki, ya rubuta riba, kuma ya yi daidai, haka ƙa'idar aikinsa take. Amma ko sisi bai shigo ba. Kai kuwa ka biya kuɗin simintin nan tun kafin mota ta fito daga masana'antar siminti ta Kalambaina, ka biya dako, ka biya masu saukewa. Raba miliyan 52 da cinikin shekara, ka ninka da kwana 365: kwana 79 kake jira kafin a biya ka. Kayan sito kuma suna kwashe kusan wata biyu kafin su fita. Ke nan naira ɗaya da ta bar hannunka tana yin sama da wata huɗu kafin ta dawo gida, albashi kuwa ba ya jiran wata huɗu.

Mafi muni, da zarar kuɗi sun yi ƙaranci sai a ce maganin shi ne a ƙara ciniki. A irin tsarinka, ƙarin ciniki ƙarin ciwo ne, don kowace tirela da ka sayar bashi sai ka nemo kuɗin wata ka biya nan take. Zuba ruwa ne a tulun da ya tsage. Na ga kamfanonin da suka rufe ƙofa a shekarar da cinikinsu ya fi na kowace shekara. Sannan ga tsada: tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, aka saki naira a watan Yuni kasuwa ta riƙa yanke darajarta, kuɗin da aka biya ka bayan wata uku ba lallai su sayo adadin buhunan da ka bayar ba. Littafi zai ce ka ci riba, sito zai ce kaya sun ragu.

Abin ban takaici, ba baƙon ilimi ba ne a wurinmu. Duk ɗan kasuwar da ya zauna fitar da zakka ya san malamanmu na Malikiyya suna bambanta bashin da ake sa ran biya da wanda aka fid da rai. Me ya sa idan an zo lissafin kamfani sai a tara su wuri guda a kira su dukiya? Cikin miliyan 52 ɗin nan, nawa ne na ɗan kwangilar da shi ma jiran gwamnati yake ta biya shi? Nawa ne na ɗan'uwa ko suruki da kunya ta hana ka tuntuɓa? Sai ka zauna ka rarraba su: wanda bai wuce kwana 30 ba, na 60, na 90, da wanda ya haura. Wanda ya haura kwana 90 kada ya sake ɗaukar ko ƙusa sai ya rage.

Shi kuma mai gyara takardu, ka guje shi. Waɗannan masu yawo da hatimi a jaka, suna haɗa lissafin shekara uku a dare ɗaya ba tare da sun ga rasit ko guda ba, sun jefa mutane da yawa cikin wahala. Odita na gaskiya, wato mai binciken lissafin kamfani, mamba ne na ƙungiyar ƙwararrun akantoci ta ICAN ko ANAN, mai lasisin aiki da lambar rajista ta FRC, hukumar kula da rahoton kuɗi, kuma zai nemi ganin takardun banki da ƙidayar sito. Takardar ƙarya ga banki laifi ne, kuma sa hannunka ne a kai. Ko da rancen ya fito, da wannan ramin na wata huɗu za ka riƙa biyan banki duk wata, ko da ruwa ko ta murabaha (bankin Musulunci ya sayi kaya ya sayar maka da riba), kadararka kuma tana jingine.

Ka ce wa akantanka ya fitar maka da bayanin shige da ficen kuɗi, kashi uku: na harkar yau da kullum, na sayen kadara, da na rance da jari. Kashin farko shi ne zuciyar magana. Idan yana nuna giɓi alhali ana riba, ka gano ciwon. Ka kuma duba, da gaskiya, abin da kai kanka kake zara: kuɗin makaranta, hidimar biki, kujerar Makka. Kamfani mai rajista mutum ne daban a idon doka, saboda haka ka yanka wa kanka albashi, sauran sai an raba riba. Harajin VAT na kashi 7.5 da ka karɓa shi ma amana ce, ana kai shi hukumar haraji kafin 21 ga watan da ke biye, kada a saya kaya da shi.

Daga wannan makon, kowace Asabar ku zauna da akanta da kashiya ku rubuta abin da zai shigo da abin da zai fita cikin makonni 13 masu zuwa, mako mako, kuɗin da kuka tabbata kawai. A daidaita littafin kashiya da takardar banki duk ƙarshen wata. Idan bayan wannan aka ga giɓin da ba shi da bayani, to a lokacin ne za a kira odita ya bincike shi.