Gidan Abincin Gado a Argungu: A Sauya Shi Ko a Bar Shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin gidan abinci a Argungu wanda na gada daga mahaifiyata, inda muke sayar da tuwon shinkafa da miyar kifi. Ɗana yana son mu koma sayar da shawarma da soyayyar shinkafa, wai baƙin da ke zuwa bikin kamun kifi sun fi son haka, amma hankalina bai kwanta ba. Mece ce shawararku? Daga wata mai karatu a Argungu.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah ya jiƙan mahaifiyarki, ya sa albarka a abin da ta bari. Shawarata ita ce kada ki sauke tukunyar da kika gada, domin abin da kike tuƙawa kullum shi ne ainihin abin da aka san garinku da shi.

Tun zamanin Kanta, wanda ya kafa daular Kabi a ƙarni na 16 ya kuma yi mazauninsa a Surame, rayuwar Kabawa ta dogara ne ga ruwa da fadama, wato kifi da shinkafa. Bayan da mayaƙan jihadi suka ci Birnin Kabi a 1805, Argungu ce ta zama cibiyar Kabawa, aka kuma shafe shekaru masu yawa ana gwabzawa da Sakkwato da Gwandu. Bikin da ɗanki yake hange ya samo asali ne daga ziyarar sulhu da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai Argungu a 1934, kuma hukumar UNESCO ta sanya shi cikin al'adun gado na duniya a 2016. Baƙon da ya taso daga Abuja ko Yamai don ya ga dubban masunta sun auka kogin Matan Fada da goruna da homa suna farautar giwan ruwa, ya baro shawarma a bakin titin gidansu. Ɗanɗanon kifin wannan ruwan yake nema, da tuwo mai zafi a cikin akushi.

Ki tuna kuma cewa bikin na 'yan kwanaki ne, wata shekarar ma ba a yinsa. Masu riƙe ki a sauran watanni su ne direbobin tasha da 'yan kasuwa da ma'aikatan da suka saba da hannun mahaifiyarki, kuma abin takaici ne a kore su saboda baƙon kwana huɗu.

Duk da haka, ɗanki yana da gaskiya cewa wurin na buƙatar gyara, saboda haka ki ba shi wannan aikin. Ya gyara kujeru da wurin wanke hannu, ya samo na'urar karɓar kuɗi, sannan ya je gidan tarihi na Kanta ya kuma zauna da tsofaffin masuntan da suka riƙa kawo wa kakarsa kifi, ya rubuta abin da suka tabbatar masa kawai. A manna shi a bango da Hausa da Turanci, tare da shekarar da marigayiya ta fara kafa murhu a wurin.